Gyaɗar da ba a cira ba

Jiya na ga gyaɗa ta nuna a gonar makaranta babu mai cira, sai marigayi hedimastanmu ya faɗo mini a rai.

Duk malamin da aka turo ƙauyen nan namu na Ajingi, sai ya yanka masa fegi a gonar. Yakan ce, "Wanda ya shuka ba ya gudu kafin kaka." Ranar da na zo, ban ko ajiye jaka ba ya kai ni can. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi. Ya damƙa mini iri da hannunsa mai alli, ya ce, "Malam, ka zama namu."

Na zauna, har na gaji kujerarsa. Bana na ba wani sabon malami fegi, shi kaɗai ke jin Fillancin yaran ruga. Ya shuka, ya nome, ya sami aiki a Kano, ya tafi. Yaran sun daina zuwa. Ni kuwa ban san wata dabara ba sai ta Baba marigayi.

Allah ya jiƙansa, ya kawo mana wanda zai tsaya ya ci gyaɗarsa.