Ranar da Kwamfuta Ta Mayar da Tubali Kwano

Har yau ban manta da wata Talata ta watan Afrilu ba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a ɗakin kwamfutoci na sashenmu a jami'ar Wudil. Mu uku ne: ni mai kula da ɗakin, da Farfesa shugaban sashe, da Malama Rabi, ɗalibar digiri na biyu wadda saura kwana shida ta kare kundinta a gaban mai jarrabawa daga waje.

Ga wanda ba ya cikin aikin, muna da wata manhaja da ake zana mata gini, a gaya mata abin da aka yi bango da rufi da shi, ita kuma ta lissafa yadda zafi ke shiga ɗaki da yadda yake fita. Binciken Malama Rabi shi ne kwatanta ɗakin tubali mai rufin azara da ɗakin bulo mai rufin kwano a garinsu Ɗankaza. Shekara biyu tana aikin da tsohon zubin manhajar. A cikinsa ne wani ma'aikacinmu da ya yi ritaya ya shigar da awon tubali da azara da makuba, bayan ya gwada su da hannunsa.

A farkon zangon aka kawo sababbin kwamfutoci da sabon zubi. Farfesa ya fitar da takarda cewa ba za a karɓi sakamako ba sai na sabon zubi. Tsohuwar kwamfutar da Malama Rabi take aiki da ita kuwa aka kai ta sito, aka rubuta ta cikin kayan da suka mutu.

Sabon zubin ya buɗe fayilolin Malama Rabi ba gardama. Sai dai ya ce da ƙarfe uku na rana ɗakin tubali ya fi na kwano zafi nesa ba kusa ba.

Farfesa ya gyara gilashinsa. "To, ai wannan shi ne sabon ilimi. Ki sake rubuta babi na huɗu da na biyar."

"Ranka ya daɗe, a ɗakin tubalin nan na kakata aka haife ni," in ji ta. "Da azahar masu ɗakin kwano wajen kakata suke zuwa su kwanta."

"Kakar taki ce za ta amsa tambayoyin mai jarrabawa?"

Bayan ya fita na bi fayil ɗin layi-layi. Ashe sabon zubin bai san tubali ba, bai san azara ba, kuma bai ga dalilin faɗa mana ba. Duk abin da bai gane ba sai ya musanya shi da farantin ƙarfe. Wato kwantena ya gina wa kakar Malama Rabi, ya sa ta a rana, ya auna.

Awon asali yana cikin tsohuwar kwamfuta kaɗai. Na tafi wajen Alhaji Sale mai kula da sito.

"Injiniya, wannan ta rasu a takarda," in ji shi. "Ni ba na fitar da gawa sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma sai bayan hutu."

"To in na shigo na gaishe ta fa, Alhaji?"

Ya yi ɗan tunani. "Ziyara dai ba a hana ba. Amma kada ta motsa daga inda take."

Muka jawo wayar lantarki daga ofishinsa. A tsugune tsakanin karyayyun kujeru nake karanto lambobi, Malama Rabi tana rubutawa a littafi, Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa yana yi mana fifita da fayil. Washegari muka shigar da su cikin sabon zubi ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin tubali ya koma mai sanyi, kuma sakamakon ya fito daga inda takardar Farfesa ta ce ya fito.

Abin da na koya shi ne, manhajar da ta ƙi buɗe tsohon fayil ta yi maka adalci. Wadda ta buɗe shi da fara'a ita ce abar bincike. Mutanenmu kuma sun fi yarda da allo mai sheƙi a kan wanda ya kwana a ɗakin.

Malama Rabi ta kare kundinta ranar Litinin ba a taɓa babi ko ɗaya ba. A jawabinsa, Farfesa ya shaida wa mai jarrabawa cewa sabon zubin ne ya tabbatar da hikimar ginin kakanninmu.