Ranar da aka daina jar allura

Shekarun baya, a tsakiyar farin nan da ya koro mutanen ƙauye suka cika Damagaram, na gama kolej ba aikin yi. Sai aka sama mini wuri a wani ƙaramin gidan likita na bakin gari, ina jera mata a layi, ina dafa allurai a kan risho. Ni kuwa matsoraciya ce ta gaske, ko akuya ta yi atishawa a bayana sai na zabura.

A lokacin akwai wata jar allura da ake ce wa allurar ƙarfi. Ciwon kai, kasala, gudawa, duk ita ake nema. Wanda aka sallama ba a yi masa ita ba, a wurinsa bai ga likita ba. Wata safiya majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya ce daga yau an daina. Bitamin ce kawai, ba ta tsai da gudawa, ga allurai sun dakushe suna bar wa yara ƙurji, ga kananzir ɗin dafa su ya yi wuya. Yaro mai gudawa, ruwan gishiri da sukari za a riƙa ba shi da cokali.

"Ke za ki faɗa musu a ƙofa," in ji shi.

"Ni, Majo?"

"Ai ƴar unguwa ce ke."

Ina fita, wa ke gaban layi? Gwaggona, goye da ɗiyar yayata da ta kwana tana gudawa. Idanun yarinyar sun faɗa, tana kuka ba hawaye. A gidanmu kuwa in yaro na gudawa hana shi ruwa ake yi, wai shi ke ƙara ta.

Na faɗi saƙon. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Ƴar lakwal, ruwa ke fita daga yarinya, ke kuma ki ce a ɗura mata wani? Abin da aka koya muku a makarantar ke nan? Ba ni hanya, akwai mai allura a kasuwa."

Ban san sanda na riƙe bakin zanenta ba. In ta tafi, yarinyar za ta wuni ba ruwa. In ta tsaya abin ya ɓaci, ni ce wadda ta hana ɗiyar yayarta allura, har abada.

Majo ya leƙo. "Inna, ki ba mu zuwa azahar. In ta yi fitsari ta tsallake. In ba ta yi ba, ni da kaina zan kai ta babban gidan likita a ɗaura mata ruwa."

Muka zauna gindin itacen bedi. Ina ba yarinyar ruwan da cokali, rabi a baki, rabi a wuya, don hannuna ya ƙi tsayawa.

"Miƙo nan," in ji Gwaggo. "Wannan hannun ko kaza ba zai shayar ba."

Tana ba ta tana mita, tana mita tana ba ta. Rana ta take, ni dai idona na kan cinyar Gwaggo. Ana shirin kiran salla sai mitar ta yanke. Ta ɗaga yarinyar sama. Zanenta na fita unguwa ya jiƙe sharkaf.

Wata mata a layi ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama. Ban taɓa ganin an yi wa fitsari guɗa ba sai ran nan.

"Majo, ga ruwanku ya fito," in ji Gwaggo. "Wa zai wanke mini zane?"

Ni na wanke shi, ina dariya ina kuka.

Tun ran nan na gane karɓar sabon abu bai kai barin wanda aka saba wuya ba, ko da ba ya amfanin komai. Gwaggo har gobe tana cewa jar allura ta fi kama jikin manya, amma duk gidan da yaro ya fara gudawa ita ke fara isa, da cokalinta a ƙulle a bakin zane. Yarinyar tana lakwal yanzu, ta fi kowa surutu. Ni kuwa in na ji cokali ya bugi kofi, sai na duba hannuna. Har yau yana ɗan rawa.