Rigar Sanyin da Mukhtaru Ya Sayo a Ɗa'ifa

A bakin ƙofar benenmu na unguwar Hindawiyya a Makka muka yi faɗa da Mukhtaru, ranar da 'yarsa ta fari ta gama jami'a. Kowa ya yi wanka ya fito, takasi na jira, har ni da gwiwoyina suka daina jin magana na lallaɓa na sauko. Sai ga shi da kayan aiki, kati rataye a wuya, ya nufi Harami.

"Ina zuwa?" na ce.

"Aiki, Goggo."

"Yau ɗin?"

"Ai mahajjata ba su san da wani biki ba."

Na ce masa tun kafin a haifi kakan kakansa ake ɗawafi, ba yau Ka'aba za ta rasa mai zagaya ta ba. Na ce masa dutsen bayan gidanmu ya fi zuciyarsa laushi. Ya tsaya ya shanye duka, kai a sunkuye, don a gabana aka yanke masa cibiya. Da na gaji ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, a yi taro lafiya," ya wuce. Tahani, ita ce yarinyar, tana cikin mota tana jin komai. Ta juya fuska wajen gilashi. Na daɗe ban amsa gaisuwarsa ba.

Mukhtaru ɗan Rabi'atu ne, ƙawata, Allah ya jiƙanta. Tare muka keto Cadi da Sudan a bayan iyayenmu muna 'yan mata, ita ta yi aure a gidan da suka daɗe a Makka. Abu biyu ta taho da su daga ƙauyensu na ƙasar Katsina. Na farko hannun tausa: masu jego da tsofaffin da ƙafa ta kumbura musu bayan Arfa, duk ɗakinta suke layi. Na biyu kunyar ɗan fari. Mukhtaru ne na farinta, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Wancan" take ce masa, ko "mutumin". Amma in ta soya nama, tsokar da ta fi kyau tana ƙarƙashin shinkafarsa, a binne. A haka ya tashi, bai taɓa shakkar uwarsa ba, sai ya ɗauka kowa ma haka yake gane ƙauna.

Sana'arsa tura arabiyya, keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Tun yana saurayi yake yi. Ya san yadda ake juya keke a Marwa ba tare da an girgiza mai ciwon ƙugu ba, ya san mai son a karanta masa addu'a ya maimaita da mai son a bar shi da kukansa. Urdu, Turkanci, yaren mutanen Indonesiya, kowanne ya tsinci abin da zai ce "riƙe da kyau" da "mun kusa". Fasinjojinsa har adireshi suke ba shi, wai in ya je ƙasarsu. Shi kuwa Madina ce iyakarsa. Abin da aikin ya ci masa shi ne baya. In ya dawo gida yakan kama saman ƙofa ya saki jiki yana lilo, wai ƙashin ya miƙe.

Da aka haifi Tahani, abokan aikinsa Larabawa suka shiga kiransa Abu Tahani. Sai ya riƙa yin kamar kurma. Ranar da matarsa Hafsa ta haifi namiji, Rakan, ban san wanda ya fi murna ba, shi ko mai jegon, don daga ranar ya koma Abu Rakan ya huta. Rakan ya hau wuyansa, ya ja masa gemu. Tahani kuwa "yarinyar nan" ce. In suna ɗaki ɗaya sai ya ce wa bango, "A faɗa wa yarinyar nan ta ci abinci."

Muddin Rabi'atu na raye abin bai zama ciwo ba, don ita ce tsani. Abin da uba ya kasa faɗa, kaka ta faɗa, har da ƙari. Da ta rasu tsanin ya faɗi, ba wanda ya lura. Tahani 'yar Makka ce, Larabci ya fi zama a bakinta, ƙawayenta kuma iyayensu maza sumbatar goshinsu suke yi a ƙofar makaranta. Wa zai zaunar da ita ya ce mata shirun ubanta gado ne? Ita dai ta ga ba a kiran sunanta, ta yanke wa kanta hukunci.

Bayan jami'a ta nemi karatun likita a Amurka, irin wanda suke kira ostiyofati. Yadda ta yi mini bayani, likita ne cikakke, yana duba mara lafiya yana rubuta magani, amma ana ƙara koya masa gyaran ƙashi da tsoka da hannunsa. Na ce ashe aikin Rabi'atu ne aka sa wa farar riga. Ta yi dariya ta ce akwai bambanci da yawa, ta lissafo mini, na yarda. Ban tambaye ta dalilin da ya sa ta zaɓi wannan ba. Wanda ya ga yadda take satar kallon ubanta in yana lilo a ƙofa ba ya bukatar tambaya.

Makarantu biyu suka karɓe ta. Ɗaya a babban birni, garin da Hisham yayan uwarta yake zaune da iyalinsa. Ɗayar a wani ƙaramin gari can arewa, inda ƙanƙara ke rufe mota har a neme ta a rasa. Waccan ta ƙauyen ita ce a ranta. Ta ce tun shekarar farko suke sa ɗalibi ya ɗora hannu a jikin mutum, kuma asibitin koyarwarsu yana nan kusa, ba sai ɗalibi ya yi ta yawo gari gari ba.

Hafsa kuwa ta kafe a kan birni. "Ga ɗan'uwana, ga matarsa, ga abincin gida. Me za ki je yi cikin ƙanƙara ke kaɗai?"

Ni na san labarin gidan Hisham. Yara sun cika shi, matar tana aiki, rainon da suka rasa mai yi ne zai sauka musu daga jirgi da akwatinsa. Na faɗa, aka ce na cika baki.

Sai Tahani ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Bayan la'asar ana shan shayi, ta durƙusa gaban ubanta ta ce, "Ya Abuya, kai me ka gani?"

Mukhtaru ya duba kofinsa kamar an jefa masa ƙuda a ciki. A tarbiyyar da aka yi masa, uba ba ya goyon bayan ɗan fari a gaban mutane, balle a kan maganar uwa. Ya ce wa kofin, "Abin da uwar ta ce ai ba laifi." Ya tashi ya sa takalmi.

Yarinyar ta ɗauka an gama. Ta hau wajena ta zauna a bakin gado, ba kuka, ta ce da Hausarta mai targaɗe, "Halas, shi ke nan, Goggo. Ni zan tafi wajen Hisham. Sau ɗaya Abuya ya ba ni magana a rayuwa, ba zan karya ta ba." Ƙarshen makon nan za ta ba makarantun amsa.

Ranar Alhamis Mukhtaru bai je Harami ba. Mutumin da bikin jami'a bai hana shi aiki ba. Hafsa ta yi ta kiran wayarsa, a kashe. Sai bayan la'asar na ji ana hawa bene a hankali, irin hawan mai ciwon baya. Ya yi sallama ya ajiye wata ƙatuwar leda a gabana, ya koma bakin ƙofa ya tsuguna.

Na buɗe. Rigar sanyi ce mai hula, ciki duk gashi, nauyinta kamar ɗan rago. Ina riƙe da ita gumi na keto mini.

"Wannan fa? A Makka? Gasa ni za ka yi?"

"Ɗa'ifa na hau, can kan dutse inda suka san sanyi. Nan garin na duba, duk marasa kauri ne."

"Ta wa ce?"

Ya shiga tsinkar bakin tabarma.

"Ta wa ce, Mukhtaru? Ni ba uwarka ba ce, ba na jin maganar kurame."

"A ba yarinyar nan. An ce garin akwai sanyi."

"Garin Hisham?"

"Garin Hisham ai ba ya kai haka."

Da na matsa masa, sai zance ya fito kaɗan kaɗan, yana kallon tabarma. Tun ranar da ya ji sunayen garuruwan biyu ta bayan labule ya haddace su. Duk fasinjan da ya ji daga Amurka yake, in an gama sa'ayi an yi addu'a, yana mayar da shi wajen 'yan'uwansa sai ya tambaya. Wasu ba su taɓa jin ƙaramin garin ba. Wani ya yi masa dariya. Har Allah ya haɗa shi da wata tsohuwa Bafalasɗiniya da ɗanta likita, wanda ya taɓa aiki a yankin. Likitan ya ce masa makarantun duka biyu ba su da aibu, kowacce likita take fitarwa, amma in aikin hannu yarinyar ke so, ta bi inda ranta ya kwanta. Ya ce akwai ɗan masallaci a garin, da gidaje kaɗan na Musulmi masu ciyar da ɗalibai da azumi. Abu ɗaya ya gargaɗe shi, sanyi.

"To ka san inda ranta ya kwanta ne?"

"Kullum hoton ajin makarantar ƙauyen take kallo a waya. Mai gadaje."

"Ka gani ashe."

"Ina da ido, Goggo."

"Baki ne babu. Ka san saboda maganarka za ta tafi raino gidan Hisham?"

Ya ɗago a firgice, karo na farko. "Ai kara na yi wa uwar. Kowa ya san kara ce."

"Kowa a ƙauyen Rabi'atu. Wannan a Hindawiyya aka haife ta."

Na leƙa taga na sa aka kira mini Tahani. Yana jin takunta ya miƙe zai gudu, na tare ƙofa da sandata. Ta shigo, na miƙa mata rigar na ce, "Ubanki ya bar aiki ya hau Ɗa'ifa ya sayo miki. Wai garin da za ki akwai ƙanƙara."

Ta dubi rigar, ta dube shi. Shi yana karanta silin. Ta zura hannu ta saka. Rigar ta sauko mata har ƙauri, hannayen sun wuce yatsunta da kusan taƙi guda, don a jikinsa ya gwada a kanti, kunya ta hana shi tambayar awonta. Tana tsaye cikin zafin Makka kamar buhun gawayi mai ido, dariya ta ƙwace mata, hawaye na bi.

"Abuya, wannan ni da wa za mu shiga?"

Ya ce wa silin, "A faɗa mata ana sa wasu kayan a ciki."

Hafsa ta yi fushinta na 'yan kwanaki, sannan ita da kanta ta naɗe hannayen rigar ta ɗinke. Tahani ta ba makarantar ƙauyen amsa. Ranar tafiya bai raka ta Jidda ba, amma ni ban yi masa faɗa ba wannan karon. Na bayyana mata yadda kakarta ta yi da shi, da naman da ake binnewa a shinkafa. Ta ce me ya sa ba wanda ya faɗa mata tuntuni. Na ce mu ma ba wanda ya faɗa mana, gani muka yi.

Yanzu tana shekara ta uku. Hotunan da take turowa duk cikin rigar nan take, ta ƙi sayen wata. Shi kuma ba ya karɓar waya in ta kira, amma yana zama kusa da Hafsa inda zai ji komai, yana gyara tayar keken da ba abin da ya same ta. Ya rage aiki, ya bar wa samari lokacin cunkoso. Da yamma yakan sayo mini burodin tamis mai zafi ya zauna mu yi gulmar unguwa.

Wannan hutun da ta zo, ta same shi yana lilo a ƙofa. Ta shimfiɗa bargo a falo ta ce ya kwanta ta duba bayan. Ta ce ita ɗaliba ce har yanzu, dubawa kawai za ta yi, in abin ya fi ƙarfinta asibiti za ta kai shi da kanta. Mukhtaru ya tsere ya hawo wajena, yana haki.

"Goggo, ki yi mata magana. Yaya zan kwanta a gabanta? In ta danna inda ke ciwo, me zan ce? Da wane suna zan ce ta tsaya?"

Ranar Juma'ar da ta wuce ke nan, kuma ban sake ganinsa ba, sai dai Hafsa ta ce mini da safen nan ya ɗaura takalminsa a sunkuye ba tare da ya dafa bango ba. Abin da na ce masa a ranar kaɗan ne.

"Ba wanda ya ce ka faɗi sunan da ka raɗa mata. Ka aika ta cikin ƙanƙara ta samo wani sunan. Sauka ka kwanta, in ta danna ya yi zafi ka ce, Daktora, a hankali."