Motar da Muka Je Gani a Jahun

Mun tashi da asuba daga Dutse, mu uku a kan kekuna: ni da yayana da wani makanike da ya koyi aiki a garejin Turawa a Kano. Labari muka samu cewa akwai tsohuwar motar ɗaukar gyaɗa ta sayarwa a Jahun. Shanun gidanmu muka sayar saboda ita, kuɗin na ɗaure a ƙugun Yaya. Ni dai ban taɓa leƙa cikin injin mota ba, abin da ya fi ja na ke nan.

Hanyar yashi ce zalla, rabinta tura kekunan muka yi. A Kiyawa muka sha furar kwabo-kwabo, mai furar tana ta dariya, wai masu sayen mota ne suka zo wujiga-wujiga haka.

Gab da la'asar muka shiga Jahun. Motar na tsaye a gindin tsamiya, ta sha sabon koren fenti. Yaya ya zagaya ta sau biyu yana murmushi. Ni kuwa abin da ya ɗaure min kai, an zuba sabon rairayi a ƙarƙashinta an share tas. Na tambayi mai motar dalili, ya ce, "Tsabta ce kawai, Malam."

Makanike ya sa aka tada ta har ta yi zafi, aka kashe, ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin injin, muka tafi salla. Da muka dawo, ƙyallen ya yi dabbare-dabbare da baƙin mai. Yaya ya fara neman ragi.

"Yoyo ana gyara shi, Yallaɓai," in ji makanike. "Bari in ga lamba tukuna."

Ya goge gefen injin da kananzir, ya kama yatsana ya ɗora a wurin. Na ji ƙarfen ya lotsa, ya yi sumul, ga sawun zarto, lambobin kuma wata ta hau wata ta sauka. Ya ce kowane inji da lambarsa tun daga inda aka ƙera shi, ita ake rubutawa a takardar lasin. Wannan an kankare ta asali an buga wata. Ranar da 'yan doka suka duba, mota ta tafi, mu kuma gidan yari.

Murmushin Yaya ya ɗauke. Ya ce da mai motar, "A hannun wa ka saye ta?"

Mutumin ya ce bari ya ɗauko takarda a gida. Har rana ta faɗi bai dawo ba. A zauren wani malami muka kwana.

Washegari muka iso gida. Baba ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Ashe ita ma mota ana sauya mata shaida, kamar raƙumin sata?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Da can na ɗauka fenti da ƙara su ne mota. Yanzu ko wacce aka nuna min, sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta kafin in tambayi kuɗinta.