Uwar da Ta Ƙi Kiran Sunan 'Yarta

Ko tsufa ya cinye min hankali, ba na jin zan manta atisayen da na yi wa 'yan aji huɗu da iyayensu kafin mu je yawon ganin kogo. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Utako, shekarun da Abuja ke ta cika, kullum ka fito sai ka ga sabon gini. Ina da ƙuruciya, ina da zafin kai, kuma gani nake babu wanda ya fi ni tsari.

Kogon yana can wajen Gwagwalada. Dokar da na kafa ita ce duk yaron da zai shiga sai da uba ko uwa a gefensa. Ana jibi tafiya na tara su a aji, na yi musu bayanin takalmin kambas da tocila da gorar ruwa, na roƙi iyaye maza su bar babbar riga a gida domin akwai wurin rarrafe. Daga nan na sa aka rufe tagogi da barguna, ajin ya yi duhu. Na ce kowane mahaifi ya kama hannun ɗansa, ya kira sunansa da ƙarfi, yaron ya amsa.

Aka yi ta kira ana amsawa, yara na dariya, har aka zo kan wata yarinya shiru-shiru da ke zaune a gidan baffanta, ma'aikacin gwamnati. Baffan ya yi tafiyar aiki, don haka mahaifiyarta ce ta taso tun daga rugarsu kusa da Paikon Kore. Na jira, ban ji komai ba. Na haska tocila, sai na ga matar a tsaye nesa da yarinyar, hannunta cikin mayafi.

Na ce, "Baiwar Allah, ki kira ta mana."

Ta sunkuyar da kai. Na maimaita, ta ce a hankali, "Malama, ai ga ta nan."

Raina ya ɓaci. A gaban kowa na ce in uwa ba za ta iya riƙe 'yarta ba, to yarinyar ba za ta je ba, ni ba zan ɗauki alhakin ɗan kowa ba. Yarinyar nan da ta kwashe sati biyu tana zana kogo a bayan littafinta ta kifa kai a kan tebur tana kuka.

Wata hajiya cikin iyayen, mai manyan shekaru, ta jawo ni bakin ƙofa ta ce, "Malama, ke ba 'yar Hausa ba ce? Yarinyar nan 'yar fari ce fa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da uwata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan". Na kwafo doka daga wata takardar Turanci, na manta da kunyar ɗan fari da na tashi a cikinta. Matar nan ta shiga mota biyu ta zo saboda 'yarta, ni kuma na tsinka ta a gaban mutane.

Hajiyar ce ta kawo mafita. Ta ce su yi musaya, ita ta riƙe yarinyar, uwar kuma ta riƙe ɗan hajiyar. Na je na ba matar haƙuri, ta ce, "Ba komai, Malama, aikinki kike yi." Wannan ya fi zagi yi min ciwo.

Ranar tafiya muka shiga kogon a layi, ga sanyi, ga warin jemage. Da muka kai tsakiya, mai yi mana jagora ya ce kowa ya kashe tocila na minti ɗaya a ga duhun gaske. Duhu ne da ko tafin hannunka ba ka gani. Na ji yarinyar ta fara shessheka, na laluba zan nufe ta, sai kukan ya tsaya cak. Da aka kunna fitilu kowa na inda yake, uwar na riƙe da ɗan hajiya, fuskarta kamar ba abin da ya faru.

A cikin bas muna dawowa yarinyar ta matso kusa da ni, ta raɗa min, "Malama, Inna ta rungume ni." Ta faɗa tana murmushi, kamar wadda aka yi wa kyautar sallah. Na juya wajen taga don kada yara su ga idona.

Tun daga ranar na daina auna son da uwa ke yi wa ɗanta da abin da idona ya gani. Kuma kafin in kafa wa mutane doka, sai na fara tambayar yadda suke yi a gidansu.