Rigar Garke

Lokacin zafi ne, irin zafin Riyad da ruwan famfo ma sai ka tara ya huce kafin ka yi alwala. Shekarar nan duk a zaman layin asibiti ta ƙare mini.

Maigidana direba ne, haka aka rubuta a iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Zazzaɓi ya kama shi, mai tafiya yana dawowa. Da safe ya tashi garau, da la'asar jiki ya ɗau zafi, kafin gari ya waye zanin gado ya jiƙe sharkaf da gumi. Ga ciwon baya da ya hana shi zama a mota. Kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamanmu, ya fara cewa in tuƙi ya gagara gara ya koma gida jinya. Komawa kuwa cire yara daga makaranta ke nan, yaran da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu.

Mun zaga asibitocin unguwar Badi'a har na gaji da kaina. Da an ji Nijeriya sai a ce maleriya. A ɗebi jini, babu. A koma taifot, babu. Mutumin da ya yi shekaru bai taka gida ba, wane sauro ne ya biyo shi a jirgi? Wani ma cewa ya yi kujerar mota ce, ya ba shi man shafawa.

Akwai abin da maigidan ba ya faɗa. Duk Juma'a kafil kan tafi da shi garkensa a bayan gari. Da yake maigidan cikin dabbobi ya tashi, shi ke karɓar haihuwar tumaki da hannunsa, a shekarar kuma sun yi ta ɓari. Amma tunda takarda ta ce direba, tsoro yake kada a ji yana wani aikin, a taso su gaba shi da kafil.

Daga ƙarshe muka dace da likita Bahaushe a unguwar Nasiriyya. Ya saurare mu a tsanake. Ya ce akwai wani zazzaɓi da ake ɗauka daga dabbobi, Larabawa na ce masa hummar Malta, sai dai da wuya ya gan shi ga mazauna cikin gari, gwajinsa kuma ba a yi sai da dalili. Ya tambaya ko yana shan ɗanyar madara, ko yana taɓa dabbobi.

Maigidan ya ce, "Likita, ni da sitiyari ne kawai."

Na dube shi, ya ɗaga kai yana kallon silin. Ban iya ƙaryata shi a gaban baƙo ba. Aka sake ba mu maganin rage zafi.

A gida, bayan ya ci abinci, na taso da maganar a hankali. Ya ce in bar ta, iƙama ba abin wasa ba ce. Na ce, "Malam, in ciwon ya kayar da kai, iƙamar ce za ta riƙe sitiyarin?" Ya juya ya fuskanci bango. Na zauna ina jin haƙoransa na haɗuwa, raina na tafasa, ba wanda zan gaya wa.

Washegari na kai yara makaranta. Na dawo na ciro rigar da yake zuwa garke da ita daga kwandon wanki, da warinta da gashin tumaki a jiki. Ban wanke ba. Na ƙulle ta a leda, na sa abaya, na kira tasi. Maigidan ya bi ledar da ido. Na ce Nasiriyya za ni, in zai zo ga takalmansa nan. Ya daɗe a zaune, sannan ya miƙo hannu in tayar da shi.