Ranar da Nyaguthii Ta Kulle Ɗanta

Shekara ashirin da shida Nyaguthii ta yi tana dafa romon kan akuya a bayan mahautar kasuwar Karatina, kuma duk mashayin garin ya san bencinta. Ita ko ɗanɗana giya ba ta taɓa yi ba. Amma abin da giya ke bari a jikin mutum washegari, ciwon kai da amai da karkarwar hannu, babu wanda ya kai ta saninsa. A jikin mijinta ta koya. Mahauci ne, ya sha har cikinsa ya kumbura, ya mutu ya bar mata tukunya ɗaya da ɗa ɗaya, Gitahi. Tun daga nan sunanta ya ɓace, kowa Mama Gitahi yake ce mata.

Romon nata ba na wasa ba ne. Kai da ƙafafu su dahu lugub, ta kaɗa ruwan da saiwa mai ɗaci da barkono, ta zuba a kofin ƙarfe. Ƙato zai zo ido jajir, yana jan ƙafa, ya sha kofi biyu, zufa ta karyo masa, ya tashi ya tafi aiki. Faɗa kuwa kyauta take ba da shi.

"Kai Muriuki, me ka ci jiya kafin ka fara?"

Muriuki, wani ɗan dako da ba ya fashin zuwa, zai sunkuyar da kai. "Ban samu ba, Mama."

"Kuɗin giya dai ka samu. Ciki ba komai ka zuba masa wuta, yanzu ka zo kana mini nishi. Na ce ku ci abu mai maiƙo, ku riƙa shan ruwa tsakani, kun mai da ni mahaukaciya. Ungo, kuma kar ka yi mini amai a benci."

Abu ɗaya ne ba ta yafewa, shi ne buɗe kwaɗo. Haka mashaya ke kiran kofin giyar farko na safe, wai jiki a kulle yake kwana, sai an zuba masa kaɗan yake buɗewa. Ita ta ga inda wannan kaɗan ɗin ya kai mijinta. Duk wanda ya zo mata da kwalba a aljihu, da ludayi take korarsa.

To ga abin takaici, ɗan da ta haifa ya fi kowa buɗe kwaɗon. Gitahi tela ne, kuma gwani, rabin kwat ɗin da ake shiga coci da su a unguwar ɗinkinsa ne. Shekararsa talatin da ɗaya. Matarsa ta gaji ta koma gidansu da 'yarsu, shi kuma ya dawo ɗakin katakon da ke bayan rumfar uwarsa. Nyaguthii ta yi kuka, ta yi zagi, ta kai shi wurin fasto sau uku, duk a banza. Tsoronta ɗaya a duniya shi ne ta binne shi yadda ta binne ubansa.

Wata Lahadi da safe ta tarar da shi kwance a ƙasa, ya riƙe ciki, ya yi amai har a kan takalminsa. Wannan ba sabon abu ba ne. Ta share, ta kawo romo da ruwa a buta.

"Maitu," ya ce, wato uwa a yarensu, "na yau daban ne. Bar ni in je in samo kaɗan, in dawo."

"Kullum naka daban ne. Sha."

"Kofi ɗaya kawai. Jikina ne ya san abin da yake so."

"Haka ubanka ya ce."

Ya yunƙura zai tashi, ta tura shi ya koma, ta fito ta ja ƙofa ta sa kwaɗo. Zuciyarta ta yi sanyi, don a ganinta ko ba komai yau ta raba shi da kofin safe. Ta koma kan tukunyarta.

Wajen ƙarfe goma ya buga ƙofa. "Maitu, rage wutar nan, hayaƙi ya cika ɗakin."

Ta dubi murhu. Garwashi ne zalla, babu hayaƙin komai. Ta ɗauka dabara ce, don ta san dabarun mashaya, ta sha jin wai maciji ya shigo, wai ciki ya ɓaci.

"Hayaƙin yana cikin kanka," ta ce. "Kwanta ka rufe ido, zai wuce."

Ya sake bugawa da rana tsaka, ya ce ba ya ganin yatsunsa sosai. Ta miƙa masa wani kofin romon ta taga, ya lalubo shi da ƙyar. Ta gani, amma ta ce maye ne bai sake shi ba. Daga nan ya yi shiru, ta yi murna ya sami barci. Kaico, shekara ashirin da shida na sani, su suka rufe mata ido ranar nan.

Sai wajen ƙarfe huɗu Muriuki ya shigo rumfar yana haki. "Mama, ina Gitahi? Jiya na gan shi a wurin matar nan ta bayan tasha. Mutum huɗu da suka sha a can sun mutu. An ce dukansu ido ne ya fara tafiya."

Ludayin ya faɗi daga hannunta. Makullin ma sai da Muriuki ya karɓa ya buɗe. Gitahi na kwance yana numfashi da sauri-sauri, idonsa a buɗe, ba ya bin kowa da kallo. Suka ɗora shi a bayan motar mahauta suka nufi asibiti.

A can an shimfiɗa mutane har a baranda, mata na kuka. Abin da Nyaguthii ta gani da idonta ya kusa haukata ta: wata likita ta fasa sabuwar kwalbar giya, fara tas, ta auna a ƙaramin kofi tana ɗura wa ɗanta. Ta riƙe hannun likitar.

"'Yata, ita ta kawo shi nan. Ƙara masa za ki yi?"

"Mama, sake ni," likitar ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Abin da ya sha ba giya ba ce, sinadarin masana'anta aka surka musu. Hanta ce ke mai da shi guba. Giya ta gaskiya tana shagaltar da hantar har mu fitar da shi. Yaushe ya fara cewa ba ya gani?"

"Ƙarfe goma."

Sai a lokacin likitar ta ɗago ta dube ta. "Ina yake tun ƙarfe goma?"

"A ɗaki. Na kulle shi."

"Da an kawo shi lokacin, da ina sa ran idon. Yanzu ransa nake nema."

Nyaguthii ta zauna a ƙasa. Can ta ce, "Da na bar shi ya buɗe kwaɗon fa?"

"Da wurin matar zai koma, da yanzu gawarsa kike wanka. Ba kofi ya kamata ki ba shi ba, mota ya kamata ki nema." Ta wuce gado na gaba.

Mutum goma sha ɗaya aka binne a makon. Gitahi ya rayu, idon bai dawo ba. Aka sayar da keken ɗinkin. Labari ya bazu a kasuwa cewa Mama Gitahi ta ceci ɗanta da kwaɗo, fasto ya ambace ta a huɗuba, matan da suka rasa nasu suka riƙa zuwa suna kama hannunta suna cewa ina ma su ma sun kulle. Tana jin su, tana kaɗa romo, baƙin ciki na cin ta kamar gara. Babu wanda ya ji abin da likita ta faɗa sai ita.

Gitahi kansa bai tuna komai na ranar ba. Yanzu a ƙarshen benci yake wuni, yana ɓare mata tafarnuwa, yana gane mutane da muryarsu. Wata safiya da babu kowa, ya lalubo hannunta ya riƙe.

"Maitu, an ce ba don ke ba da na mutu. Ban taɓa yi miki godiya ba."

Ya ƙara riƙe hannun, ya ci gaba.

"Abu ɗaya ke damuna. Idon nan, babu yadda za a yi a cece shi a lokacin? Ke kina wurin. Me likita ta ce?"

Ta dubi fuskarsa. Ya karkato kunne gare ta yana jira, yadda yake yi tun yana ƙarami, lokacin da duk abin da ta faɗa gaskiya ne.

"Ta ce tun ranar Asabar ya riga ya tafi," in ji Nyaguthii. "Babu abin da kowa zai iya yi."

Ya gyaɗa kai, ya sauke ajiyar zuciya. "To, na ji sanyi," ya ce, ya sumbaci bayan hannunta.